Yadda Ake Yin Digiri Na Uku a Ilimin Tauhidi Daga Maraɗi, Mataki Bayan Mataki

Tun da matasanmu suka fara dawowa da digiri na biyu daga Jos da Abijan, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, a bakin majami'a bayan sujada ko ta waya da dare: "Malam, ta ina ake fara digiri na uku, kuma me yake ci?" Ga amsar a jere. Na nace a kan jerin ne domin yawancin waɗanda suke tsayawa a hanya ba basira ce ta gaza musu ba. Sun biya kuɗin makaranta kafin su san abin da za su bincika, ko sun fara rubutu kafin su yi karatu. Zan riƙa cewa "kai", amma maganar ta shafi 'yan'uwa mata daidai wa daida.

1. Ka san irin digirin, ka zauna da gida

Digirin iri biyu ne. PhD na bincike ne, shi ake nema ga mai son koyarwa a makarantar tauhidi ko jami'a. DMin kuwa na inganta aikin kiwon ikkilisiya ne, kundinsa ya fi gajarta, kuma makarantu da yawa ba sa ɗaukar mai shi ya duba aikin ɗaliban bincike. Wannan jagorar ta PhD ce. A tsarin LMD (digiri na farko, na biyu da na uku) da jami'o'in ƙasashenmu masu Faransanci suke bi, shekara 3 ce bayan digiri na biyu, amma faston da ke riƙe da ikkilisiya ya sa ran shekara 5 ko 6.

Kafin ka cika kowace takarda, ka zauna da mai ɗakinka ka gaya mata gaskiyar shekarun da kuɗin. Sannan ka je wurin dattawan ikkilisiya da shugabannin ɗarikarku, EERN (Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar) ce ko wata, ka nemi wasiƙar goyon baya.

Hattara: "Allah ya taimaka, Fasto, muna bayanka" ba yarjejeniya ba ce. A rubuta ayyukan da za a ɗauke maka, wanda zai riƙe wa'azi watannin da ba ka nan, da ko albashinka zai ci gaba. Shugabanni suna canzawa, takarda ce take zama.

2. Ka matse tambayarka kafin ka nemi makaranta

Nan ne aikin yake tashi ko ya faɗi, kuma nan ne mutane suka fi gaggawa. "Dangantakar Kirista da Musulmi a Nijar" ba tambaya ba ce, fili ne. "Ceto a cikin wasiƙun Bulus" ma haka, kuma ɗaruruwan masana sun riga ka da ɗakunan karatun da ba ka da su. Kundin digiri na uku rijiya ne: bakinta ƙarami, amma ana haƙa har a tarar da ruwa.

Ra'ayina shi ne ɗan Maraɗi ya fara duba abin da ke ƙofar gidansa. Ƙungiyar mishan ta SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta zo Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Wannan tarihin ya bar masu bishara, waƙoƙi, wa'azozi da muhawarori waɗanda kaɗan ne daga cikinsu aka yi wa nazarin tauhidi. Ga irin matsewar da nake nufi:

Maimakon "warkarwa a Littafi Mai Tsarki", ka tambaya: yaya waɗanda suka yi jinyar kuturta a asibitin mishan na Danja suka fahimci Markus 1:40-45 da dokokin tsarki na Littafin Firistoci 13 da 14, kuma me fahimtarsu take ƙara wa sharhin da aka saba yi?

Maimakon "Kirista da muhalli", ka ɗauki aikin rainon kututturan itatuwa a gonaki wanda Tony Rinaudo ya fara da manoman yankin nan a 1983 ƙarƙashin SIM, ka tambaya: wace koyarwa kan halitta da riƙon amanar ƙasa ce take cikin wa'azin masu bisharar da suka yi aikin, idan aka auna ta da Farawa 2:15 da Zabura 104?

Maimakon "mata a ikkilisiya", ka tattara waƙoƙin zumuntar mata na gunduma ɗaya cikin shekaru ashirin, ka bincika abin da suke koyarwa game da wahala da Almasihu.

Kowace tambaya ka gwada ta da abu uku. Za ka iya faɗinta a jimla ɗaya ga dattijon da bai yi boko ba, ya gane? Kayan amsa ta suna inda ƙafarka da aljihunka za su kai? Kuma akwai yiwuwar amsar ta saɓa wa abin da kake zato? Na ukun nan shi ne mai wuya ga fasto. Idan ka riga ka san ƙarshen maganar tun kafin bincike, wa'azi kake shiryawa, kuma alƙalan kundi suna gane wannan tun daga babi na farko.

Hattara: kada ka zaɓi batun da zai sa ka yi wa wata ɗarika ko wani shugaba da ke raye shari'a saboda rikicin da kai ma kana ciki. Ba za ka iya adalci ba, mutane kuma ba za su saki jiki su yi maka magana ba.

3. Ka nemi malami, sannan makaranta

Makarantun gida irin ta Agye da ESPriT a Yamai suna gina tushe, amma digiri na uku yawanci sai an ƙetare iyaka. Da Ingilishi akwai makarantar tauhidi ta JETS a Jos, makarantar Baptis ta Ogbomosho, cibiyar Akrofi-Christaller a Akropong ta Gana, jami'ar AIU a Nairobi, da SATS ta Afirka ta Kudu wadda ake yi ta intanet. Da Faransanci akwai makarantun tauhidi na FATEAC a Abijan da FATEB ta Bangi, da tsangayar tauhidi ta Furotesta a Yawunde.

Sunan makaranta ba shi zai karanta babinka ba. Ka duba jerin malamai, ka nemo wanda ya yi rubutu kusa da batunka, ka karanta maƙalarsa ɗaya ko biyu, sannan ka aika masa wasiƙa gajeriya: ko kai wane ne, tambayarka, da dalilin da ya sa shi ka nufa. Shafi ɗaya ya isa. Ka kuma nemi ɗalibinsa guda ka tambaye shi abu ɗaya: idan aka ba malam babi, wata nawa yake yi kafin ya dawo da shi?

Hattara: ka tabbatar da ingancin shaidar kafin ka biya ko dala. Ga mai son koyarwa a jami'a a Nijar, amincewar CAMES, hukumar da ke tantance digiri a ƙasashen Afirka masu Faransanci, ce abin dubawa. Makarantun tauhidi na bishara kuma hukumar ACTEA ce take tantance da yawa daga cikinsu, a Najeriya kuwa ka tambayi wace jami'a ce makarantar take jingine da ita. Duk mai yi maka alkawarin zama "Dakta" cikin wata shida ta WhatsApp, takarda yake sayarwa.

Ka lissafa hanya ma. Jos ta fi kusa, ta Ɗan Isa, Jibiya, Katsina da Kano, amma iyakar ta yi watanni a rufe bayan Yulin 2023, kuma tsaron hanyar ba kullum yake ɗaya ba. Ka tambayi makaranta tun farko ko tana yarda a gana da malami ta intanet idan tafiya ta gagara.

4. Lissafin kuɗi

Ka nemi jadawalin kuɗin makaranta a rubuce, na dukan shekarun, har da kuɗin rajista, na ɗakin karatu, na alƙalin waje da na ranar kare kundi. Waɗannan na ƙarshen ne suke zuwa wa ɗalibi ba zato. A kan wannan ka ɗora abin da makaranta ba ta ambata: mota da masauki sau biyu ko uku a shekara, fasfo, kwamfuta mai batir mai ƙarfi, kuɗin intanet na wata-wata, ƙaramin faifan sola da batir saboda ɗaukewar wuta a bazara, man babur na zuwa ƙauyuka, goron gaisuwa ga dattawa, ladan mai gyaran harshe, da ɗab'i da ɗaurin kundi. Sai abincin gida na watannin da ba ka nan.

Ka yi lissafin da sefa, ka ajiye kuɗin da sefa. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa ta yi mummunar faɗuwa bayan Yunin 2023, makarantu kuma suna ƙara kuɗi idan ta faɗi. Ka canza abin da za ka biya kawai, lokacin biya.

Ga tallafi, ƙungiyar Langham, wadda John Stott ya assasa aikinta na ɗaukar nauyin ɗalibai a 1969, da ScholarLeaders suna taimaka wa ɗaliban digiri na uku daga Afirka. Suna son ganin goyon bayan ikkilisiya ko makarantar da za ka koma wa hidima, shi ya sa wasiƙar mataki na 1 take da nauyi. Gasar tana da zafi, saboda haka kada ka shiga makaranta da zaton tallafin zai biyo ka.

5. Harsuna

Mai nazarin Sabon Alkawari ba shi da makawa sai da Helenanci, mai Tsohon Alkawari sai da Ibrananci, kuma ba irin na cin jarrabawa a manta ba. Minti talatin kowace safiya, ayoyi biyar zuwa goma, ya fi zaman yini guda a wata. Ko batunka na tarihi ne ko na aikin bishara, duk ayar da ka gina hujja a kanta za a tambaye ka asalinta. Wanda ya yi lakkol da Faransanci dole ya iya karanta Ingilishi, domin rinjayen littattafan fannin da shi aka rubuta su. Amma ka rubuta kundin da harshen da ka fi iya gardama da shi.

Kayan aiki: STEP Bible na Tyndale House, shirin kwamfuta na nazarin Littafi Mai Tsarki, kyauta ne, ana sauke shi a yi aiki da shi ba intanet. Bugun Sabon Alkawari na Helenanci na SBL, ƙungiyar masanan Littafi Mai Tsarki, ma kyauta ne, sai dai yawancin malamai za su so ka kawo hujja daga Nestle-Aland bugu na 28 na 2012, ko BHS, bugun Tsohon Alkawari, ga Ibrananci. Waɗannan saye ake yi, kuma sun cancanci kuɗinsu. Idan kana nazarin yadda mutanenmu suke karanta nassi, ka tanadi Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 da juyin da aka sabunta a 1979, domin tsofaffin masu bishara da na farkon suka haddace ayoyinsu.

6. Karatu, da ajiye abin da aka karanta

Ka sa Zotero, manhajar ajiye madogara, a kwamfuta ranar farko, ba a shekara ta uku ba. Kyauta ne. Duk littafin da ka buɗe, ka shigar da marubuci, shekara, maɗaba'a da shafi nan take. A rubutun tunatarwarka ka bambanta abu uku da alama: maganar marubuci kalma da kalma, taƙaitawarka, da ra'ayinka. Satar fasaha da yawa ba da niyya ake yin ta ba. Bayan shekara biyu mutum ya kasa tuna wace jimla ce tasa.

Akwai waɗanda alƙalai za su sa ran ka sani. Byang Kato, ɗan Kwoi da ya rasu a 1975, ya yi gargaɗi kan gauraya bangaskiya da addinin gargajiya. John Mbiti da Kwame Bediako sun ga abin ta wata fuska, kuma dole ka nuna inda ka tsaya a tsakaninsu da dalili. Lamin Sanneh ya yi rubutu a 1989 kan tasirin fassara Littafi Mai Tsarki cikin harsunan gida. Yusufu Turaki ya yi aiki a kan tarihin mishan da mulkin mallaka a arewacin Najeriya. Mai rubutu kan Maraɗi kuwa ba zai tsallake littafin Barbara Cooper na 2006 kan Kiristocin bishara na yankin nan ba. Ita masaniyar tarihi ce, ba ta tauhidi ba, kuma za ka sami wuraren da ba ka yarda da ita ba. Ka rubuta su da hujja, domin a irin wuraren nan ne gudummawarka take fitowa.

Google Scholar, AJOL (rumbun mujallun Afirka na intanet) da rumbunan kundaye na jami'o'i suna ba da abu mai yawa kyauta. Duk zuwan da ka yi makaranta, ka tafi da jerin abin da za ka sauke daga rumbunan maƙalu na ATLA ko JSTOR. Idan a Jos kake, ɗakin karatu na makarantar tauhidi ta TCNN a Bukuru yana kusa.

Hattara: manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya ƙago sunan littafi da shafin da babu su a duniya. Abin da ba ka gani da idonka ba, kada ya shiga kundinka.

7. Takardar shirin bincike

Ita ce alkawarinka da makaranta. Ta ƙunshi matsalar, tambaya guda da ƙananan tambayoyi uku ko huɗu, abin da aka riga aka rubuta da giɓin da ya rage, hanyar bincike, iyakar aikin ta wuri da shekaru, tsarin babi-babi, da jadawalin lokaci. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sashen hanya ya zama jimla biyu. Ka faɗi mutum nawa za ka yi hira da su, yadda za ka zaɓe su, da wace hanyar sharhi za ka bi a nassi. Ka tambayi salon rubuta madogara, Turabian ne ko SBL ko wani, ka saita shi a Zotero tun yanzu.

8. Tattara bayanai

Kada ka fara hira kafin makaranta ta ba ka izinin ɗa'ar bincike. Wasu makarantu ba sa karɓar abin da aka tattara kafin izinin.

Da izinin ya fito, ka fara da mafi tsufa. Wannan shawarar ita ce na fi riƙewa da muhimmanci a duk jagorar nan. Masu bisharar da suka ga zamanin mishan da idonsu, da matan da suka kafa zumunta a ƙauyuka, suna ƙarewa, kuma abin da ke kansu babu shi a kowane ɗakin karatu. Littafi zai jira ka, su ba za su jira ba.

Ka bi ta hannun faston wurin, ka gaida mai gari. Ziyarar farko ta gaisuwa ce. A ta biyu ka yi bayani da Hausa: "Baba, karatu nake yi, ina so in ɗauki muryarku. In kun ga dama in sa sunanku, in ba ku so in sakaya." Wanda ba ya karatu, ka ɗauki yardarsa da murya. Hira da mata ta fi kyau da rakiyar mai ɗakinka ko wata shugabar zumunta. Ka guji damina, kowa yana gona; bayan girbi zuwa Fabrairu ne lokacin zama. Wayarka ta isa ɗaukar murya, amma ka kashe layin kira, ka zauna nesa da injin niƙa. Kada ka sa wa dattijo amsa a baki da irin "ai saboda bangaskiya kuka jure, ko?" Ka ce, "Yaya abin ya faru?" ka yi shiru.

Hirar awa ɗaya tana cin awa 4 zuwa 6 kafin a mayar da ita rubutu, ban da fassara. Hira 30 ke nan kusan awa 150. Ka rubuta kowace a makon da ka yi ta, da Hausar mai maganar yadda ya faɗe ta, sannan ka fassara.

Takardu kuma: littattafan baftisma da na taron dattawa a ikkilisiyoyi, ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, Arewa House da ma'ajiyar tarihi a Kaduna, da ma'ajiyar SIM a Amurka wadda ake iya rubuta wa wasiƙa. Ka ɗauki hoton kowane shafi tare da bangon fayil ɗin.

Hattara: akwai waɗanda bayyana sunansu zai jawo musu rabuwa da dangi ko abin da ya fi haka. Wanda ya tuna ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 ya san ba wasa ba ne. Ka sakaya suna da ƙauye, ka sa wa fayilolin mabuɗin sirri, kuma idan ka kawo koyarwar Musulunci, ka kawo ta daga littattafansu da bakin malamansu, yadda su da kansu za su ce haka ne.

9. Rubutu

Kundin PhD yakan kai kalma 80,000 zuwa 100,000, gwargwadon dokar makaranta. Kalma 300 a rana, kwana 5 a mako, mako 50, sun ba ka 75,000. Ka ware awa biyu da asuba kafin a fara sallama a ƙofa, ka sanar da ikkilisiya lokacin. Ka fara da babin da kayansa suka fi cika a hannunka. Gabatarwa ita ce ta ƙarshe. Ka aika wa malam babi ɗaya-ɗaya, kuma bayan kowace ganawa ka tura masa taƙaitaccen abin da kuka amince.

Kowace Juma'a ka ajiye aikin wuri uku: kwamfuta, filashi da ba ya kwana a jakar kwamfutar, da intanet. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu suna kashe na'ura ba sallama.

Kafin ka gama, ka fitar da babi ɗaya a matsayin maƙala ka aika wa mujallar da masana suke tacewa. Wasu makarantu sharaɗi ne a wurinsu. Mujallar da ta ce ka biya yau a buga gobe, ka rabu da ita.

10. Kare kundi da gyara

Ka bar wata uku tsakanin gama rubutu da miƙawa, domin gyaran harshe, daidaita madogara da binciken satar fasaha irin na manhajar Turnitin. Ka tara abokai uku su yi maka zaman gwaji. Tambayoyin da ba sa wucewa su ne: mene ne sabon abin da ka kawo, me ya sa ka bi wannan hanyar, kuma ina raunin aikin? Ka shirya amsar ta farko cikin minti biyu. Idan alƙali ya nuna kuskure na gaskiya, ka karɓa ka rubuta. Idan kana da hujja, ka buɗe shafin ka nuna cikin ladabi.

Yawanci ana cin nasara ne da sharaɗin gyara, kuma gyaran yana da wa'adi. Kada a yanka ragon walima kafin ka miƙa shi. Ka yi jadawali mai layi uku: abin da alƙali ya ce, abin da ka gyara, da shafin. Bayan an sa hannu, ban da kwafin da makaranta take buƙata, ka ɗaura guda ga makarantar Littafi Mai Tsarki da ta raine ka, guda ga ofishin ɗarikarku, sannan ka rubuta taƙaitawa ta shafi goma da Hausa ka kai wa waɗanda ka yi hira da su, tare da kwafin muryar kowane dattijo ga iyalinsa idan ya yarda da haka.